Wane abin niƙa masoro ya kamata in saya?

Wata amarya ce daga Rikkos, nan cikin Jos, ta aiko da tambaya. Ta ce: "Anti, barka da aiki. A kayan kicin ɗina babu abin niƙa kayan yaji sai bilanda. Na ga wani ɗan abu mai kama da kwalba, ana murza kansa garin masoro yana zuba a kan abinci. Akwai na katako, akwai na gilashi, har da mai batir. Wanne ya fi a saya? Kuma zai iya niƙa mini barkono da citta in riƙa haɗa yajina da kaina?"

Barka kadai ƙanwata, Allah ya sanya albarka a auren, ya ba ku zaman lafiya. Zan fara da ƙarshen tambayarki, don a nan na ga kuɗin mata da yawa sun salwanta. Wannan abin ba zai niƙa miki barkono ba, ba kuma zai niƙa citta ba. Don masoro aka ƙera shi, sai ɗan abin da ya yi kama da masoro a tauri da girman ƙwaya. Ruɗanin daga bakin masu shago yake fitowa, su ma ba da gangan ba. A Turanci suna ɗaya ake kiran masoro da barkono da attaruhu da tattasai da shi, sai mai shago ya karanta jikin kwali ya ce miki, "Abin niƙa barkono ne, Hajiya." Mu kuwa tun kaka da kakanni kowanne da sunansa, kowanne da yadda ake sarrafa shi. Masoro ƙwaya ce busasshiya mai tauri, da kanta take gangarawa ta faɗa tsakanin haƙoran abin niƙan ta fashe. Busasshen barkono ɓawo ne kamar takarda da 'ya'ya masu faɗi, sai ya tokare a sama ya ƙi sauka, kina ta murzawa babu abin da ke zubowa. Citta mai yatsu kuma zare ne da ita, in ma kin farfasa ta, zaren zai naɗe haƙoran ya toshe su.

To, in masoro kaɗai yake niƙawa, ya cancanci a kashe masa kuɗi? Ni dai amsata e. Na yi shekaru a kicin ɗin wani otal a garin nan kafin in koma girkin biki da haɗa yaji na sayarwa, kuma abin da na fara koya a wurin babban kukunmu shi ne ba a taɓa ajiye garin masoro. Abu biyu ne a cikin ƙwayar, akwai zafi, akwai ƙamshi. Zafin yana daɗewa ko an niƙa. Ƙamshin kuwa mai ne mai tashi a iska, yana kulle a cikin ƙwaya har ranar da aka fasa ta, daga nan sai ya fara gudu. Shi ya sa garin masoron da ya yi wata uku a kwalba zai ciji harshenki amma hancinki ba zai ji komai ba. Ki gwada da kanki. Ranar da sanyi ya sauka da safe, ki soya ƙwai da dankalin turawa, ki raba faranti biyu, ɗaya ki barbaɗa masa garin kanti, ɗaya ki fasa ƙwaya biyar da bayan cokali ki zuba. Kafin ki kai loma baki kin san bambancin. Ga kuma wata fa'ida: ƙwaya kina ganin abin da kika saya da idonki, gari kuwa sai abin da mai niƙa ya gaya miki.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe idan kin shiga shago. Kada kyan jiki ya ɗauke miki hankali, haƙoran za ki duba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ki ɗauke shi ki kifa, ki leƙa gindinsa. Za ki ga wani ɗan curi mai tsini da aka yi wa zane-zane a karkace, yana zaune a cikin wani zobe shi ma mai tsaga-tsaga. Sanda ce ta ratsa tsakiyar abin daga wannan curin har zuwa kan da kike murzawa. Kina juya kai curin yana juyawa, zoben yana tsaye. Manyan tsagogin da ke sama su ne ke jawo ƙwayar su ɓarza ta, ƙananan da ke ƙasa su gama niƙe ta. Aikin dutsen niƙa ne da ɗansa aka ƙanƙance ya shiga tafin hannu. Idan wannan curin da zoben suna da kyau, ko da jikin bai da fasali kin yi sayayya. Idan ba su da kyau, ko da ruwan zinari aka shafe jikin kin sayi kayan ado ne na kan tebur.

Da abu uku ake yin haƙoran. Akwai na roba, irin wanda ke zuwa manne a kan kwalaben masoro na manyan kantuna. Waɗannan an yi su ne don su ƙare tare da abin da ke cikin kwalbar. In kin matsa kin sake cika su, haƙoran suna cinyewa, kuma abin da ya cinye ɗin ai cikin abincinki yake zuba. Matsalar ita ce akwai masu jikin katako ko na silba mai ƙyalli da aka sa wa haƙoran roba a ciki aka rina su baƙi ko fari. Ki ƙwanƙwasa da makulli ko ki karta da farce. Roba ba ta amo, kuma za ki ji laushinta. Ki mayar masa da abinsa, komai arharsa.

Sauran biyun su ne na ƙarfe da na tangaran, a nan ne kuma zaɓin gaskiya yake. Ƙarfen da aka gasa ya yi tauri yanka ƙwayar yake yi, yana da sauri, garinsa yana fita da yawa a murza ɗaya, kuma idan an kula da shi sai ki aurar da 'yarki da shi. Abokan gabansa biyu ne, ruwa da gishiri, don su ke kawo tsatsa. Tangaran, wato wannan farin mai kama da ƙashi, ba ya tsatsa ko kaɗan, ba ya riƙe wari sosai, gishiri ba ya yi masa komai, kuma yawanci ya fi sauƙin kuɗi. Murƙushe ƙwayar ya fi yi a kan yanka, don haka ya ɗan fi jan lokaci. Rauninsa shi ne yana fashewa. Ya faɗo daga kan kanta zuwa siminti, ko tsakuwa ta shiga tsakanin haƙoran kika murza da ƙarfi, sai ya ɓalle, kuma ba a gyara shi. Ni a gidana na ƙarfe nake amfani da shi. Amma ga wadda kicin ɗinta ƙarami ne, tururi ba ya samun hanyar fita, ga damina irin ta Jos da za a kwana a wuni ana yayyafi a watan Agusta har gishiri ya jiƙe a cikin robarsa, tangaran mai kyau ya fi mata kwanciyar hankali a kan ƙarfe mai arha. Ƙarfe mai arha shi ne mafi munin ciniki, damina ɗaya ya yi ja.

Za ki ji masu sayarwa suna ambaton Peugeot, kada ki ɗauka zolaya ce. Gidan da ya yi motar nan da muke ce wa Fijo, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, shi ne dai. Tun kafin su san mota, maƙeran zarto da kayan ƙarfe ne a gabashin Faransa. Sun fitar da abin niƙa kofi a 1840, na masoro kuma a 1874, har yau kuma suna yi, da tambarin zakin nan a jiki. Nasu na ƙarfe ne, kuma da shi ake auna sauran. Yana da tsada, ba kuma dole ba ne ga gidan mutum biyu. Na kawo zancensa ne don abu biyu. Na farko, duk sunan da ya yi fice akwai masu kwaikwayonsa, don haka in an ce miki shi ne a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba, ki kifa ki duba ko an zana sunan a jikin ƙarfen ƙasan, ba a kwali kawai ba. Na biyu, a wurin masu gwanjon kayan kicin akan dace da irinsa, jikin ya koɗe amma haƙoran garau, mai kayan ma wani lokaci bai san darajarsa ba. In babu tsatsa, babu warin fumfuna, tsohon kirki ya fi sabon banza.

Ko ma wane iri ne, kada ki biya kuɗi ba ki gwada ba. Idan za ki fita wajen Taminus ko shagunan titin Ahmadu Bello, ki ƙulla masoro cokali ɗaya a leda, ki ɗauki farar takarda ki sa a jaka. Ki ce wa mai shago, "Malam, bari in gwada." Mai kayan kirki ba zai hana ki ba. Ki zuba ƙwayar, ki shimfiɗa takardar a kan kantarsa, ki murza sau goma. Abin da ya zubo ya kamata ki iya tsinkar sa da yatsu uku ki ji kin ɗauki wani abu. Idan murza goma ɗan ɗigo-ɗigo kawai ta ba ki kamar ƙura, ki tuna tukunyar farfesun da za ki tsaya a kanta, hannunki zai gaji kafin ɗanɗano ya fito. Sai ki dubi garin da kyau. So ake ya zo kai ɗaya, ba rabi lilis rabi ɓarjin da zai maƙale wa maigida a haƙori ba. Ki matse shi ki murza, ki sassauta ki sake murzawa, ki jera tsibi biyun kusa da juna. In ba ki ga bambanci tsakaninsu ba, abin saitin na ado ne. Daga nan ki kama kan ki girgiza shi gefe da gefe. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma in sandar tana kwaram-kwaram, curin ba zai zauna a tsakiyar zobe ba, zai riƙa cin gefe ɗaya. Ki kuma kasa kunne. Ƙarar fashewar ƙwaya daban, ƙarar ƙarfe yana gugar ƙarfe daban.

Tun da na ambaci saiti, iri biyu ne. Na gargajiya shi ne ɗan notin da ke can saman kai: ki ɗaure gari ya yi laushi, ki kwance ya yi tsaki-tsaki. Ba ya lalacewa, sai dai yana kwancewa da kansa kina cikin aiki, kuma duk lokacin da kika buɗe don ki ƙara ƙwaya sai kin sake nemo inda kika baro shi. Ɗaya irin kuma zobe ne ko ɗan maɓalli a gindi mai lambobi, inda kika ajiye shi nan yake zama. Wannan ya fi daɗin aiki idan kuɗin bai yi nisa ba. Kuma za ki buƙaci saitin, domin mai laushi shi ke shiga miya da ƙwai da shayi ya narke ba a gan shi ba, mai tsaki-tsaki kuma shi ake shafa wa nama ko kifin da za a gasa, don lilis ɗin saurin ƙonewa yake yi ya yi ɗaci.

Jikin ba shi da dogon zance. Katako yana da daɗin riƙo, ba ya santsi ko hannunki da maiƙo, yana kuma kare ƙwayar daga haske. Sai dai garinmu yana wahalar da katako: damina ta kumbura shi, hunturu ya busar da shi ƙayau. Wanda bai bushu da kyau ba kafin a sassaƙa shi, shekara ɗaya sai ki ga tsaga ta bi tsawonsa. Ki zaɓi mai nauyi a hannu, mai santsin ciki da waje. Wanda kika kira na gilashi, yawancinsu roba ce mai haske. Amfaninsa kina ganin saura nawa, amma kada ki ajiye shi bakin taga. Wajen girma, kamar santimita 15 zuwa 18 ya wadatar, wato bai kai taƙi ɗaya ba. Dogayen nan masu kama da taɓarya na gidajen cin abinci ne, a gida ƙwayar tsufa za ta yi a ciki. 'Yan ƙanana ƙwarai kuma babu wurin kamawa. Ki duba bakin da ake zuba ƙwaya, in ƙarami ne kullum sai kin bi masoro ƙarƙashin kanta da tsintsiya. Akwai kuma waɗanda haƙoransu ke sama, sai an kifa ake niƙa. Waɗannan ba sa barin baƙin gari a kan tebur.

Mai batir fa? Ban ba ki shawarar sa ba, ke da hannunki lafiya lau. Yana da amfani guda da ba zan ɓoye ba: da hannu ɗaya ake aiki da shi, ɗaya hannun yana cikin ɗanyen nama ko yana juya miya. Amma ya fi na hannu jinkiri, wasu batir huɗu ko shida suke ci, batir kuma in ya daɗe a wuri mai laima yoyo yake yi ya cinye ƙarfen da ke ciki. Mai caji ya ɗan fi, shi ma ranar da ƙaramin injinsa ya ƙone sai kwandon shara. Inda nake cewa a saye shi shi ne don tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi da murza kai ke yi wa wuya. Ita ma akwai mai mariƙi a sama da ake juyawa kamar keken ɗinki na hannu, ya fi sauƙi a wuyan hannu, ya kuma fi sauri.

Za a nuna miki tagwaye, ɗaya na masoro ɗaya na gishiri, a ce sai da su tebur ke cika. Ki bar na gishirin. Gishiri ba shi da ƙamshin da zai gudu, niƙa shi yanzu da niƙa shi bara duk ɗaya. Namu na leda ya riga ya zo da laushinsa, kuma an sa masa sinadarin aidin da ke kare mutum daga maƙoƙo, abin da manyan ƙwayoyin gishirin da ake sayowa don waɗannan kwalabe sau da yawa ba su da shi. Kuɗin biyun ki haɗa ki sayi guda ɗaya mai kyau. In kuma kyauta aka ba ki, ki kula kada ki musanya su: gishiri ba ya shiga mai haƙoran ƙarfe har abada.

Saura abin da za ki zuba a ciki, wanda a ganina ya kai abin niƙan muhimmanci. Masoro biyu ne a kasuwarmu, mutane suna haɗa su. Akwai namu na gida, wanda ake kawowa daga dazukan kudu, Ibo suna ce masa uziza, Yarbawa iyere. Ƙwayarsa ƙarama ce, launinta ya ɗan ja, kuma kowacce da ɗan wutsiyarta a lanƙwashe. Shi iyayenmu suka sani, shi ake sa wa a farfesu da yajin jego da kunun mai jego, yana da ƙamshi mai ratsa hanci da ɗan ɗaci-ɗaci a baya. Ɗayan kuma baƙi ne ƙirin mai yamutsattsen ɓawo, ba shi da wutsiya. Asalinsa kudancin Indiya ne, yankin Kerala, ko da yake yanzu ƙasar Biyetnam ce ta fi kowa noma shi. Farin masoro shi ne wannan ɗin dai, an bar shi ya nuna aka jiƙa aka cire ɓawon. Maƙwabtanmu na Kamaru suna noma mai kyau ƙwarai a yankin Penja, har aka yi wa sunansa rajistar kariya a 2013. Waɗanda suka ƙera abin niƙan da na Indiya suka auna shi, don haka shi ya fi bi lami lafiya. Namu ma yana niƙuwa, amma sai kin yi masa hidima: ki shanya shi a rana ya bushe ƙarau, ki murza a tafin hannu wutsiyoyin su kakkarye, ki sheƙe a faifai. In yana da sauran danshi, cuɗewa zai yi ya liƙe a haƙoran kamar ƙullu. Ki ciji ƙwaya ɗaya. Ta ce ƙas, ta shirya. Ta lotsa, sai ta koma rana.

Tsinta kuwa wajibi ce, wannan da hannuna na koya. Akwai wani bikin da na yi wa girki a Bukur, na sayi masoro mudu guda da yamma a gurguje, ban tsince ba na cika abin niƙan da na fi ji da shi, mai haƙoran tangaran. Ina tsaye kan naman da za a gasa, na murza sau uku sai na ji ya cije. Maimakon in tsaya in zazzage, sai na ƙara ƙarfi. Na ji ƙas, wani farin ɓalli ya faɗo kan naman. Wata 'yar tsakuwa ce baƙa, girmanta da launinta sak masoro. Dole na wanke tiren naman nan gaba ɗaya na sake haɗi, don ban san ko akwai sauran ɓarɓashi a ciki ba, kuma abincin mutane amana ne. Tun daga ranar, duk masoron da ya shigo gidana sai an baza shi a farin tire an bi shi ɗaya bayan ɗaya kamar shinkafar gida. Ki riƙe wannan: in ya cije, ki daina murzawa, ki buɗe ki zazzage. A wajen tsintar ne kuma za ki kama algus. Akwai masu garwaya busassun 'ya'yan gwanda a cikin baƙin masoro saboda kamar da suke yi. Ki ɗebi kaɗan ki zuba a kofin ruwa: masoro mai cika yakan nutse, 'ya'yan gwanda da holoƙon ƙwaya su taso. Wanda kika gwada da shi a tukunya zai ƙare, kada ya koma cikin busasshen. Wanda kuma kika ga farin gari-gari a jikinsa ko yana warin ɗaki rufaffe, fumfuna ce, ki zubar.

Bayan masoro, 'ya'yan citta mai 'ya'ya suna shiga, in kin ɓare kwanson kin fitar da ƙwayoyin zalla. Kanumfari kada ki kuskura. Mansa yana da ƙarfi, yana dusashe roba mai haske har ya ci ta, yana danƙare haƙora, kuma warinsa ba ya fita, komai kika niƙa bayansa kanumfari zai zama. Kimba, kirfa, gyaɗar miya, busasshiyar tafarnuwa, daddawa, duk ba wurinsu ba ne.

Wurinsu turmi ne, shi ne amsar yajin da kika tambaya. Ki nemi ƙaramin turmi da taɓaryarsa ki ware shi don kayan yaji kaɗai, kada a kirɓa sakwara ko fura a ciki. Ki shanya komai ya bushe, ki fara da masu tauri, citta da kimba da kanumfari, sai sun farfashe ki zuba barkono. Ɗan gishiri da ɗigon man gyaɗa suna kwantar da ƙurar barkonon, tari da atishawa su ragu. Ki tankaɗe da rariya, tsakin ya koma turmi. Idan yajin ƙuli ne, ƙuli-ƙulin a ƙarshe yake shiga, don in ya sha daka da yawa mai yake fitarwa ya dunƙule. Bilandarki ma za ta yi in ta zo da ƙaramin kofin nan na busassun kaya, ba babban jug ɗin markaɗe ba. Sai dai ki fara farfasa cittar a turmi, ki riƙa kunnawa kina kashewa a taƙaice don kada garin ya yi zafi ƙamshi ya tafi, kuma ki jira ƙurar ta kwanta kafin ki buɗe murfin, fuskarki a gefe. Kai wa inji sai in mudu-mudu ne, na biki ko na jego. Shi ma ki tabbata injin busasshen niƙa ne, ki kuma sa a fara wuce da ɗan hatsi a share abin wanda ya riga ki. Faifan injin ƙarfe ne mai cinyewa, shi ya sa ba na kai ɗan abin da turmi zai iya.

Idan kin kawo sabon abin niƙanki gida, ki zuba cokali ɗaya ki niƙe ki zubar, ya tafi da ƙura da maiƙon masana'anta. Kada ki cika shi taf, ki bar masa sarari a sama. Ki riƙa juyawa ta hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya, ba gaba da baya ba. Kada ki murza shi babu komai a ciki, kada kuma ki ɗaure notin har ƙarshe, don a nan haƙora ke cin junansu. Ruwa ba ya taɓa cikinsa. In ya yi datti ki goge jikin da tsumma mai ɗan laima, haƙoran kuma ki kaɗe su da busasshen burushin haƙori da kika ware masa. Kuskuren da na fi gani, har a wurin waɗanda suka daɗe suna girki, shi ne riƙe shi a saman tukunya tana tafasa. Tururin yana shiga ta gindi, ya jiƙa garin da ke maƙale, ya bushe ya zama kamar siminti, ƙarfe kuma ya fara tsatsa daga nan. Ki niƙa a tafin hannunki ko a murfin tukunya ko a cokali, sannan ki zuba. Ma'ajinsa kuma cikin kabad ne, nesa da murhu.

Lokacin zubawa ma ki kula da shi. Na farfesu da dahuwar nama, ki raba biyu, rabi tun farko don ya ratsa, rabi bayan kin kashe wuta. Na ƙwai da dankali da gwaten acca kuwa, sai kin sauke tukunya kin zuba a kwano, sannan ki murza sau uku ko huɗu a kai ki kai wa maigida da zafinsa.